Waƙar da ta yi kwana uku a kaina

A danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, na kwaso ta, tsakanin Oshodi da Agege. Cunkoso ya riƙe mu, direba ya ƙure rediyo, wata waƙar Yarbanci tana ta maimaita amshi ɗaya. Yarbancin da na iya bai wuce na ciniki ba, don haka ban ma san me ake cewa ba. Na sauka, na buɗe shago, na hau keken ɗinki, sai na ji ƙafata tana taka keken daidai da kiɗan.

Ranar farko dariya abin ya ba ni. A ta biyu kuwa ta biyo ni har sallar La'asar, ina tsaye a sahu ina kokawa da ita, liman ya yi ruku'u ni ban ma ankara ba. Nan na daina dariya. Kuma ba dukan waƙar ba ce, guntun amshin ne kawai, ya kai ƙarshe ya dawo farko.

Da dare na faɗa wa ƙanena da ke karatu a Jami'ar Legas, can Akoka.

"Yaya, ai abin yana da suna," in ji shi. "Turawa earworm suke cewa, wato tsutsar kunne. Daga Jamusanci suka aro, Ohrwurm."

A can asali sunan wani ƙwaro ne mai ɗan almakashi a wutsiya, wanda a da mutane suka ɗauka kunne yake shiga. Mu dai cewa muke waƙa ta maƙale a kai, kuma ni na fi son namu, domin maƙalewar ce damuwar, kamar ƙayar kifi a maƙogwaro.

Na gwada korar ta da ƙarfi, in ce wa kaina kada ka tuna. Wannan shi ne kuskurena mafi girma, don duk lokacin da na duba ko ta tafi, ni na kira ta. Na kunna wata waƙar, ta yi shiru na ɗan lokaci ta dawo. Ƙanen nawa ya ce in tauna cingam, wai masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun nuna a 2015 cewa taunar tana rage abin, saboda bakin da mutum ke rerawa da shi a zuci ya samu aiki. Gemai-gemai da ni na sayi cingam. Ya taimaka, amma muddin ina tauna ne kawai.

Abin da ya raba ni da ita shi ne jin ta gaba ɗaya. Na rera wa mai sayar da caja na maƙwabta guntun, ya kwashe da dariya, ya nemo ta a wayarsa. Na saurara har ƙarshe, sau biyu. Ashe kan nawa neman ƙarashen yake yi. Da safe na tashi wasai.

Yaron shagona kuma, da ya ji ni ina rerawa, yau kwanansa biyu yana guga yana yin ta da hanci.