Zaman Karatun Matan Unguwarmu da Yadda Muke Zaɓen Littafi

Duk bayan mako biyu, ranar Asabar da an idar da sallar la'asar, mukan taru a gidan ɗaya daga cikinmu a wata unguwa da ke daura da titin Bauchi a nan Jos. Idan da zafi mukan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, idan kuwa hunturu ya kama sai mu shige ɗaki mu ja ƙofa, domin duk wanda ya san sanyin garin nan a watan Disamba da Janairu ya san ba a zaman waje da yamma. Mu goma sha huɗu ne idan an cika, ko da yake da wuya a cika, saboda Asabar ranar biki ce. Mun tsayar da ita ne duk da haka, don Juma'a tana da nata hidimomin, Lahadi kuma biyu daga cikinmu suna coci. Mai masauki takan dafa shayi, wani lokaci ta soya dankali ko ta yi gwate, amma ba a ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinta.

Ba da niyyar kafa ƙungiya muka fara ba, shi ya sa har yau ba mu da suna, ba mu da shugaba, sai ma'aji kawai. Shekara uku da suka wuce, wata dattijuwa maƙwabciyata da muke kira Malama, wadda ta yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare, ta kamu da yanar ido har karatu ya gagare ta. Wata rana na shiga gaishe ta, sai ta miƙo mini tsohon littafinta na Magana Jari Ce ta ce, "'Yata, idan kin sami sarari ki riƙa zuwa kina karanta mini, kunne dai yana nan lafiya." Ina cikin karanta mata labarin akun nan da ke ɗauke hankalin Musa ɗan sarki da hira don kada ya fita daga gida, sai surukarta ta bar wanke-wanke ta zauna. Mako na gaba ta zo da ƙawarta. Kafin mu gama littafi na ɗaya mun kai mu takwas.

Daga nan muka gaji al'adar da nake ganin ita ce ƙashin bayan zaman, wato karatu a bayyane. Ba ma cewa kowa ta je gida ta karanta sannan a zo a tattauna, domin da mun yi haka da rabinmu sun zare jiki tun da wuri. Mace ɗaya takan ɗauki littafin ta karanta shafi goma ko goma sha biyar, ta miƙa wa ta kusa da ita, sauran kuma suna saurare, wadda ke da magana ta ɗaga hannu a dakata mata. Wannan ne ya ba Hajiya Babba wuri a cikinmu. Ba ta yi makarantar boko ko ta kwana ɗaya ba, Alƙur'ani ta sauke, tana kuma karanta ajami, amma babu wadda ta kai ta riƙe labari. Sau da yawa mukan manta sunan wani da aka ambata mako huɗu baya, ita ce za ta faɗi sunansa da na ubansa da abin da ya aikata.

Wadda ta fi kowa iya karatun kuwa ita ce Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kirista ce 'yar ƙabilar Birom. A coci ta koyi karanta Hausa tun tana yarinya, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Filato, inda majami'u da yawa ke wa'azi da waƙa da Hausa, an kuma buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932. Ta san inda ake tsayawa da inda ake jan numfashi, takan ba kowane mutum na cikin labari muryarsa. A layinmu take zaune shekara da shekaru, har rikicin watan Nuwamba na 2008 ya sa ta sayar da gidanta ta koma wata unguwa, kamar yadda dubban mutane daga ɓangarorin biyu suka yi ƙaura a garin nan. Yanzu da Keke Napep take zuwa, ita da ƙanwarta, kuma saboda su ne muke tashi kafin magariba ba tare da jinkiri ba.

Samun littafin kansa aiki ne. Kowace mace takan ajiye naira ɗari biyar a kowane zama, kamar adashi, sai dai littafi ne ke kwasa. Shagunan da ke kewayen Taminus, cibiyar kasuwancin garin nan, galibi littattafan makaranta suke sayarwa, don haka abin da ke cikin manhajar jarrabawa ba ya wuya, sauran kuwa sai mun ba ƙanin ɗaya daga cikinmu saƙo idan zai je sarin atamfa Kantin Kwari a Kano. Kwafi uku ko huɗu muke saye, idan an gama su shiga akwatin ma'aji, mai so ta ara. 'Yan matan cikinmu sun sha kawo labaran da ake turawa a WhatsApp, mun kuma gwada biyu. Wasu daga cikinsu suna da ma'ana ƙwarai, amma rubutun kan wahalar da mai karatu a bayyane, domin ba a sa wa haruffa lanƙwasa. Mai karatu sai ta tsaya ta yi tunani ko baki ake nufi ko baƙi, ko fada ko faɗa, ga kalmomi an haɗe waɗanda ya kamata a raba. Ina roƙon marubutanmu na waya su kula da wannan, domin kunne yana kama kuskuren da ido kan tsallake.

Inda ake kai ruwa rana shi ne wajen zaɓe. Tun farko mun rabu gida biyu. Malama da tsararrakinta suna son tsofaffin littattafai, musamman biyar ɗin nan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A ganinsu nan Hausa take da tsabta. Matasa kuma suna son littattafan soyayya da na zaman aure irin waɗanda suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980, suna cewa su ne ke maganar rayuwar da suke ciki. Muka yi sulhu a kan a riƙa yin karɓa-karɓa, tsoho ɗaya sabo ɗaya, kuma duk wadda ta kawo suna sai ta tsaya ta faɗi dalilinta kafin a ɗaga hannu.

Abin mamaki, kowane ɓangare ya fi jin jiki a littafin da ɗaya ɓangaren ya zaɓa. Da muka ɗauki Shaihu Umar, 'yan mata sun shigo da fuskar masu jiran darasin tarihi, domin abin da suka sani game da Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Firayim Ministan da aka kashe a watan Janairu na 1966, ba su san ya yi rubutun ƙirƙira yana malamin makaranta ba. Amma da aka kai inda uwar Umar ta bar gida tana neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare Sahara da ita, har ta sadu da shi a Tarabulus ta rasu ba da daɗewa ba, ɗakin ya yi tsit. Wata matashiya da ba ta cika magana ba ta ce ita ba ta ga dalilin da ya sa aka sa wa littafin sunan ɗan ba, alhali uwar ce ta sha wuyar. Mun kwashe sauran yammar a kan wannan maganar, kuma ni har yanzu ina tare da ita.

Da aka juyo kan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, dattawa ne suka kasa zama shiru. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa da ya ƙara aure ya kore ta da 'ya'yanta tara, ta riƙa sayar da abinci tana ciyar da su, har gobara ta cinye dukiyarsa aka matsa mata ta koma. Ana ambaton gobarar sai aka koma zancen babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, domin akwai mata uku a cikinmu da arzikin gidajensu ya tafi a wannan wutar. Sannan aka yi gardama mai zafi a kan komawar Rabi. Hajiya Babba ta ce don 'ya'ya ake haƙuri, ba don miji ba. Sista ta ce mata, "Yaya, haƙurin da aka zaɓa daban yake da wanda aka ɗora wa mutum." Ba a cimma matsaya ba, kuma Malama, wadda a da take kiran irin waɗannan littattafai na 'yan kasuwa, ta nemi a maimaita mata babi biyu na ƙarshe.

Sau ɗaya zaɓe ya kusa raba mu. Wata ɗaliba a Jami'ar Jos ta kawo shawarar mu karanta Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim. Dalilanta masu ƙarfi ne: marubucin haifaffen Jos ne, littafin ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2016, kuma tauraruwar labarin, Binta, mace ce da ta rasa mijinta a rikicin garin nan ta koma zama a gefen Abuja. Ta ce za ta riƙa karanta Turancin tana mayar mana da shi Hausa. Sai dai ba ta ɓoye mana ba cewa labarin ya ƙunshi alaƙar da ba ta aure ba tsakanin wannan bazawara mai shekara 55 da wani saurayi ɗan daba mai shekara 25. Hajiya Babba ta ce ba za a karanta wannan a gabanta da 'yan matan da ta haifi iyayensu ba. Aka ɗaga hannu, tara suka yarda, huɗu suka ƙi, aka wuce.

Ina cikin taran, kuma ban yi nadamar karanta littafin ba. Shi ne karo na farko da muka yi maganar rikicin Jos ƙeƙe-da-ƙeƙe, Musulmi da Kirista a tabarma ɗaya, kowace ta faɗi inda ta ɓuya da wanda ya ɓoye ta, domin ya fi sauƙi a fara da labarin wata Binta kafin mace ta gangaro kan nata. Haka kuma batun ɗan fari, wanda Binta ba ta iya kiran sunansa ko nuna masa ƙauna a fili saboda kunya, ya taɓa kusan kowace uwa a wurin. Abin da na yi nadama shi ne hanyar da muka bi. Zama huɗu Hajiya Babba ba ta zo ba, kuma da gaskiyarta, domin wadda ke iya karatu tana da damar tsallake shafin da ba ta so, amma mai saurare ba ta da mafita sai ta tashi ta bar wurin. Rinjayen hannu ya kore ta daga zaman da tana cikin waɗanda suka kafa shi, mu kuma ba mu lura da haka ba sai da wurinta ya zama wayam.

Ni da Sista muka je gidanta muka ba ta haƙuri. Ba ta yi mana faɗa ba, cewa kawai ta yi, "'Ya'yana, da kun tambaye ni yadda za a yi, da na gaya muku." Daga wannan ziyarar muka sauya ƙa'ida. Yanzu ba a ɗaga hannu sai an zagaya an ji ta bakin kowa, daga babba zuwa ƙarama. Idan mace ɗaya ta ce ba za ta iya sauraron littafi ba, ba a karanta shi a babban zama, sai masu so su are shi daga akwati, su haɗu a wata rana dabam. Wasu matasan suna ganin wannan ya ba mutum ɗaya ikon da ya yi yawa, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Amma a cikin shekara guda da fara aiki da ƙa'idar sau ɗaya tak aka yi amfani da ita, kuma wata matashiya ce ta yi, a kan wani labari mai yawan zubar da jini da ta ce yana tayar mata da abin da ta gani tana ƙarama.

A zaman da ya wuce, da aka zo kan layin tsofaffin littattafai, Hajiya Babba ta kawo suna da bakinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Waƙar Imfiraji take so, ta Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya. Da aka nemi dalilinta sai ta ce tun tana yarinya take jin almajirai da makafi suna rera ta a ƙofar gidansu, ta haddace baitoci masu yawa, kuma tana so ta ji ko abin da ke cikin littafin boko ya yi daidai da abin da ke kanta. Babu wadda ta ja. Mun riga mun aika Kano a sayo kwafi uku, an kuma shirya cewa ita za ta riƙa rerawa daga ka, Sista tana bin ta da yatsa a kan takarda, duk inda suka saɓa a tsaya a duba. Zaman zai kasance a gidan Malama, Asabar ta sama, bayan la'asar.