Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwanon Baffa

Makon jiya na tsaya inda Inna ta kama hannuna ta kai ni rumfar Baffa a kasuwar Rimi, bayan an lafa da rikicin Maitatsine na ƙarshen 1980. Na so yau in shiga maganar aurena na fari, amma zancen kwanon awon hatsi ya hana ni sakat, sai in na sauke shi tukuna.

Baffa, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da yake maimaitawa har mu gaji da ji: "Sallarka taka ce, yaro, kwano na mutane ne." Shi kaɗai na taɓa ji da ita. Mutum ne da ba ya wasa da jam'i, saboda haka kada wani ya ɗauka raina sallah yake. Abin da yake nufi shi ne, in ka yi sakaci da haƙƙin Allah, tsakaninka da Shi ne, in ka tuba Mai gafara ne. Haƙƙin bawa kuwa istigfari kaɗai ba ya goge shi, sai ka mayar wa mai shi ko ya yafe maka. To matar da ka tauye wa gero shekara talatin da suka wuce, wadda ko sunanta ba ka sani ba, ina za ka gan ta?

Wanda bai zauna a rumfar hatsi ba yana zaton tauye mudu abu ɗaya ne. Akwai bugun gindi: a kifa kwano, a dandaƙa gindinsa ya shige ciki kaɗan, ido ba ya kamawa. Akwai mai kwano biyu, babba na saye daga mutanen ƙauye, ƙarami na sayarwa. Akwai kuma aikin hannu, wanda ya fi kowanne wuyar ganewa, domin kwanon lafiya lau yake. Ma'auni in yana saye sai ya girgiza, ya danna, ya tare gefe da tafinsa har kai ya tsaya. In yana sayarwa sai ya zuba sama-sama, ya juye kafin hatsin ya zauna. A buhu mai kwano 40, in aka rage cikin tafi ɗaya a kowane awo, an tashi da kwano guda ko fiye, mai saye na tsaye yana kallo yana ta godiya.

Baffa ya koya mana duba buhu kafin ya koya mana ciniki. Ba a yarda da bakin buhu, saboda masu yi masa fuska: mai kyau a sama, tsoho da ƙaiƙayi da tsakuwa a tsakiya. Sai a soka ƙarfe sama da tsakiya da ƙasa, a zuba a faifai a gani. Ƙwayar masara ko dawa a sa ta a haƙori, in ta bushe za ta ce ƙas, in ta lotse akwai danshi. A tura hannu har gwiwar hannu, in aka ji ɗumi to an yayyafa ruwa don ya kumbura ya yi nauyi, ko an ɗinke shi bai gama shan rana ba. Irin wannan ba ya wata guda sai ya yi fumfuna, ya dunƙule, tuwonsa ya riƙa ɗaci. Wannan fa shi ne ainihin abin da ya zo a hadisin Muslim, da Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tulin abinci ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Baffa yakan ce ko a kasuwar Madina sai da aka tura hannu, balle Rimi.

Maƙwabcin rumfarmu ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa na nan da rai kuma muna gaisawa. Sahun farko ba ya wuce shi, carbi ba ya barin hannunsa, ya je Makka sau nawa. Kwanonsa biyu, kowa a layin ya sani. Shi ne kuma ya tsaya a gaban mutane ya ce Baffa ba shi da wayon kasuwa, zai mutu a rumfar haya. Haka kuwa aka yi, a rumfar haya ya rasu. Har gobe in na tuna dariyar da aka yi a ranar sai raina ya ɓaci, ga shi duk masu dariyar ƙasa ta rufe musu ido.

Na daɗe ina juya yadda mutum ɗaya yake haɗa waɗannan biyun ba tare da ya ji komai ba, alhali Allah ya ce sallah tana hana alfasha da abin ƙi. Ni inda na tsaya shi ne karatun ne ake yankewa a tsakiya. Yaro ya yi Ahalari da Ishmawi, ya san farillan alwala, ya san ƙabli da ba'adi, sai a ce ya isa, a tura shi kasuwa. Babin ciniki yana can gaba cikin Risala, inda ake maganar riba da algus da ɓoye aibin kaya, kuma kaɗan ne cikinmu suka zauna gaban malami har suka kai nan. Sai mutum ya tashi yana jin tsoron ɗigon fitsari a wandonsa, ba ya jin tsoron tsakuwa a buhunsa. Suratul Muɗaffifina kuwa, mai gargaɗin masu tauye mudu, ya haddace ta tun yana allo, yana ma jan sallah da ita.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka zo aka kafa Hisba a 2003, na ɗauka kwano za a fara bi. An yi ƙoƙari, ban hana ba, amma aikin hannu babu ɗan Hisbar da zai kama shi. Sikeli ma da ake ta yabo, wanda ya iya buga gindin kwano ya iya taɓa allura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma wake ne. Wake ba ya jimirin ajiya, ƙwari na huda shi cikin 'yan watanni. Hanyar gaskiya a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin numfashi. Amma buhun da kuɗinsa, sai wasu su ɗauko maganin feshin gona su zuba kai tsaye su cakuɗa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan magani a jikinsa. Wanda Bature ya ƙi, mu aka auna wa, aka yi ƙosai da alala da shi aka ba yara. Mai yin haka kuma in azumi ya zo shi ne mai raba sadakar hatsi a ƙofar gida. Kwano na mutane ne, in ji Baffa, ashe har cikinsu ma.

Da aka zo rabon gadonsa, ɗan abin da ya bari bai taka kara ya karya ba. Yaya ya ɗauki agogo da alkyabba, ni na ce a bar mini kwanon. Matar Yaya har da cewa me zan yi da tsohon kwano duk ya yi tsatsa. Yana nan a kan durowa a ɗakina, na taɓa gwada shi da na wani ma'auni a Dawanau, na Baffa ya ɗara da kusan cikin tafi biyu. Maganar auren sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.