Zaɓen na'urar adana bayanai ta gida ya kamata ya fara daga manhaja

Duk wanda ya tambaye ni wace na'ura zai saya domin ya tara hotuna, takardu da bidiyoyin iyalinsa a wuri guda, inda kowace waya da kwamfutar gidan za ta iya isa gare su, nakan fara da tambayarsa wace babbar manhaja yake son ya ɗora mata, domin ita ce za ta faɗa masa irin kayan da zai nema. OpenMediaVault, wadda aka gina a kan Debian, wani nau'in babbar manhajar Linux, tana da sauƙin hali ƙwarai, har a kan ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya ta Raspberry Pi tana tafiya. TrueNAS kuwa, wadda ta samo asali daga FreeNAS ta shekarar 2005, tana buƙatar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai bit 64 irin ta Intel ko AMD, da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, na aƙalla gigabayit 8, da kuma faifai na daban wanda ita kaɗai za ta zauna a kansa.

Ni TrueNAS na zaɓa, saboda tana amfani da tsarin ajiya na ZFS wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro. Wannan tsari yana riƙe da lambar tantancewa ta kowane guntun bayani, ta yadda idan hoto ya lalace a kan faifai ɗaya zai gane, ya gyara shi daga kwafin da ke kan ɗan'uwansa. Amma ba zai iya wannan aiki yadda ya kamata ba sai yana ganin kowane faifai kai tsaye, shi ya sa katin RAID da ke haɗe fayafayai ya nuna su tamkar guda ɗaya bai dace da shi ba. Ramukan SATA na jona fayafayai da ke jikin babban allon kwamfutar sun wadatar, idan kuma sun yi kaɗan sai a nemi katin HBA wanda ke miƙa fayafayan kawai ba tare da ya tsoma baki ba.

Inda na fi son mai saye ya tsaya ya natsu shi ne fayafayan kansu. Akwai nau'in CMR, wanda layukan rubutunsa ba sa hawa kan juna, akwai kuma SMR, wanda layukan rubutunsa ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, ta yadda sauya layi ɗaya yakan tilasta sake rubuta maƙwabtansa. A amfanin yau da kullum da wuya ka lura da bambancin. Ranar da faifai ɗaya ya mutu ka sa sabo, ZFS ya shiga cika shi ba ƙaƙƙautawa, a nan ne SMR ke yin nawa, aikin sa'o'i ya koma na kwanaki, alhali bayananka suna rataye a kan fayafayan da suka rage. A shekarar 2020 ne aka gano cewa wasu fayafayan WD Red, ƙirar kamfanin Western Digital, na SMR ne, daga baya kamfanin ya ware na CMR da sunan Red Plus. Saboda haka lambar samfurin nake dubawa, ba launin takardar da ke manne a jiki ba.

Furosesa kam ba ta cancanci dogon tunani ba, domin layin sadarwa mai gigabit 1 ba ya wuce kimanin megabayit 115 a daƙiƙa, kuma ƙaramar furosesa irin Intel N100 tana cika shi. Abin da ya fi damuna shi ne wuta: na'urar da ke jan wat 30 dare da rana tana cin kusan kilowat-awa 263 a shekara, don haka tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar ofis, mai ƙara da zafi ba ta burge ni.

Da zan sake haɗa tawa a yau, zan nemi allon da ke karɓar RAM mai gyara kuskure, wato ECC, na gigabayit 16, da katin sadarwa na Intel, da fayafayan CMR guda 4 a tsarin RAIDZ2 wanda ke jure mutuwar biyu daga cikinsu, sannan in haɗa ta da batirin UPS wanda zai ba ta damar kashe kanta cikin tsari idan wuta ta ɗauke.