Inda datata da katina suke zurarewa

Wata uku a jere ina sayen data gigabayit 10, wadda a da takan kai ni ƙarshen wata har da ragowa, amma sai ta ƙare tun kafin a cika sati uku. Katin da nake sawa na kira shi ma yana raguwa ko a ranar da ban kira kowa ba. Da wayar nan nake aiki, da ita nake magana da iyali, saboda haka abin ya tsaya mini a rai sosai. Na riga na yanke hukunci cewa kamfanin layina ne ke cuta ta. Sau biyu ina kiran su raina a ɓace, kuma duka biyun mai amsa kiran ya yi mini tambaya iri ɗaya: wace rana aka cire, kuma nawa aka cire? Ba ni da amsa. Na san ana zurarewa, amma ban san ta ina ba.

Ranar da na sayi data ta huɗu sai na samu ƙaramin littafi. Kullum kafin in kwanta ina duba abin da ya rage na data da na kati in rubuta, da asuba in sake dubawa in rubuta. Kwana uku kacal na yi na ga abin da ya ba ni mamaki: tsakanin dare da safiya, ina barci, wayar tana ajiye, data tana raguwa, wani daren ma fiye da abin da na ci da rana.

Daga nan na shiga saitunan wayar. Tawa Android ce, kuma a sashen intanet akwai wurin da ke nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci, daga mafi ci zuwa ƙasa. In ka taɓa sunan manhaja, za ta raba maka lissafin gida biyu: abin da ta ci lokacin da kake amfani da ita, da abin da ta ci a ɓoye alhali ba ka buɗe ta ba. Kafin lissafin ya yi amfani sai na gyara ranar da wayar ke fara ƙirga wata. Ita tana farawa daga ɗaya ga wata, ni kuwa a tsakiyar wata nake saye, shi ya sa da farko lambobinta da na kamfani suka ƙi haɗuwa. Da na daidaita ranar, bambancin da ya rage kaɗan ne.

Mai cin dare ita ce manhajar hotuna. Tana ɗora kwafin duk hoto da bidiyon da na ɗauka zuwa ma'ajiyar intanet, kuma an bar ta tana yin haka da datar layi. Ni a tunanina sauke abu ne kaɗai ke cin data. Ashe turawa ma haka take, megabayit ɗin da ya fita daga wayarka ana ƙirga shi kamar wanda ya shigo. Bidiyon yara na minti biyar da na ɗauka da rana, da dare sai ya tafi gaba ɗayansa. Na mayar da ita sai an samu waifai. Haka na yi wa Play Store, wanda ke sabunta manhajoji da kansa, haka kuma WhatsApp, inda kowane hoto da bidiyon da aka jefo a zaurukan da nake ciki ke sauka ko ban buɗe ba.

Amma duk waɗannan ba su ne babban ramin ba, kuma ba su amsa tambayar da ta fi damuna ba: me ya sa sai a watanni ukun nan? Kallon bidiyona bai ƙaru ba, kusan awa ɗaya ce da yamma kamar yadda na saba. Sai da na koma baya na tuna cewa a daidai lokacin ne na canza waya. Tsohuwar ƙaramar fuska gare ta, intanet ɗinta kuma yana jan ƙafa. Sabuwar tana kama 4G da ƙarfi. Manhajojin bidiyo kuwa, in ka bar su su zaɓa da kansu, suna duba saurin layinka ne su ba ka hoto mafi kyau da layin zai iya ɗauka. A tsohuwar waya ina kallo a 360p ko 480p ban ma sani ba. A sabuwa sai ya haye 1080p. Hoton 480p yana da ɗigo kusan 410,000, na 1080p kuwa ya ɗan haura miliyan 2, wato kusan ninki biyar ke nan. Awa ɗaya ce dai, bidiyo iri ɗaya, amma nauyin abin da ke shigowa ya ninninka. Na sa shi a 480p na kalla na kwana biyu. A fuskar waya da ba ta fi tafin hannu ba, ga wanda yawanci karatu da hira yake saurara, ban ga abin da na rasa ba.

Akwai kuma wata rana ɗaya da littafin ya nuna fiye da gigabayit guda ya tafi cikin awa biyu. Ranar ce 'yata ta roƙe ni in buɗe mata hotsifot, wato in raba mata intanet ɗin wayata, ta tura aikin makaranta daga kwamfutarta. Da na tambaye ta sai ta ce, "Wallahi Abba, rubutu kawai na tura, ban kalli komai ba." Gaskiya ta faɗa. Kwamfutar ce ta ɗauki wayata a matsayin waifai marar iyaka, ta kama sauke sabuntawar Windows. A cikin saitunan waifai na kwamfutar akwai maɓallin da ke shaida mata cewa wannan layin a ƙididdige yake, in an kunna shi sai ta dakatar da yawancin manyan saukewa. Tare muka kunna.

Zuwa nan na gamsu cewa a batun data ba wanda ya ɗauki abin da wayata ba ta ci ba. Batun kati kuwa daban ne.

Wani ɓangarensa ya fito da sauri. Duk lokacin da data ta ƙare ban lura ba, wayar takan ci gaba da shiga intanet da kuɗin kira, a farashin da ya fi na sayen data tsada nesa ba kusa ba. Na sa wa wayar iyaka, ta gargaɗe ni in na kusa, ta kashe data da kanta in na kai. Amma bayan wannan ma littafin ya ci gaba da nuna ragi, ɗan kaɗan, adadi iri ɗaya, kowace safiya. Na koma cikin saƙonnin tes da nake sharewa ba tare da karantawa ba, irin waɗanda ke zuwa daga gajeriyar lamba. A cikin waɗanda suka tsira na samu ɗaya da ke cewa an sabunta mini rajistar wani wasa na kullum. Ban taɓa buga wasan ba.

Kira na uku ya bambanta da na baya. Na ce wa matar da ta ɗauka ga ranakun, ga adadin, ga lambar da saƙon ya fito, ga abin da ya ce. Ta yi shiru tana dubawa, sannan ta ce, "Yallaɓai, na gani. An yi rajistar ne ta hanyar taɓa wani talla a shafin intanet, watanni biyu da suka wuce." Ta soke shi nan take, ta ba ni lambar ƙorafi, kuma bayan 'yan kwanaki aka mayar mini da wani ɓangare na kuɗin. Ban samu duka ba. Har yanzu ina ganin wannan tsari ba adalci ba ne. Shiga da taɓawa ɗaya, wadda yatsa kan iya yi bisa kuskure, fita kuwa sai ka yi bincike ka yi kira ka jira a layi. Kuma da gangan ake sa kuɗin ya zama kaɗan, domin wanda ake cire wa kaɗan kullum ba ya saurin farga.

Wannan ya sa na duba saƙonnin bankina ma. Can na tarar da wata manhajar gyaran hoto da na taɓa gwadawa kyauta na sati ɗaya, na sa lambar katin banki kamar yadda ta nema, daga baya na goge ta na manta. Goge manhaja daga waya ba ya soke rajista. Rajistar tana cikin asusunka na rumbun manhajoji, wato Play Store, a sashen biyan kuɗi, kuma sai ka shiga can ka soke da hannunka. Wata huɗu ina biyan abin da ba ya ma cikin wayata. Yanzu in na karɓi gwajin kyauta, a ranar nake rubuta lokacin da zai ƙare.

Watan da ya biyo baya gigabayit 10 ɗin ta kai ni kwana 28. Littafin na ajiye shi, amma duk ranar da na sayi data nakan buɗe jerin manhajojin nan in duba wace ce a sama.

Da na je gaida mahaifiyata sai na karɓi wayarta. Ƙarama ce mai madannai, ba ta shiga intanet, kuma ta daɗe tana cewa katin da muke tura mata ba ya albarka. Saƙonni sun cika ta maƙil, ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba domin ba ta karanta boko. A ciki na samu rajistar waƙar jiran kira da ake sabuntawa duk sati, waƙar da masu kiranta ke ji, ita kuwa ba ta taɓa jin ta ba. Na zauna a gefenta na kira kamfanin, na karanto musu ranakun ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na miƙa mata wayar, ta jujjuya ta a hannu ta ce, "Ashe shi ya sa ƙanwata ke tambayata wa ya sa mini kiɗa a waya."