Yadda na gano abin da ya rage wa tsohon babur ɗina na ruwa gudu

Babur ɗin ruwan da nake hawa ƙirar tsakiyar shekarun 1990 ne, mai inji mai bugu biyu, wato irin wanda ke ƙona fetur tare da man inji, kuma yana da silinda biyu da kafireta biyu. Ba ya gardamar tashi, kuma idan aka tayar da shi a kan tirela ƙararsa takan fito garau, amma da zarar ya shiga ruwa sai ya yi ta ihu ba tare da ya ci ƙasa ba. Idan na matsa totur daga tsaye yakan daɗe yana jan jiki kafin ya ɗago hancinsa ya hau saman ruwa, kuma ko ya hau ɗin, gudunsa ba ya kusantar abin da ya saba yi. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce kafireta ce, domin ita ake fara zargi a kowane tsohon inji, amma na ƙi taɓa ta har sai na sami lambobin da zan dogara da su.

Lafiyar da inji ke nunawa a tudu ba ta tabbatar da komai, saboda a can farfela iska kawai take kaɗawa, kuma ko injin da ya kusa mutuwa zai iya juyawa da sauri idan babu nauyi a kansa. Haka nan agogon gudun da ke jikin irin waɗannan babura ba abin yarda ba ne, domin yawancinsu sukan nuna fiye da ainihin gudun. Saboda haka na ɗaura ƙaramin agogon ƙirga juyin inji, irin wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, na kuma ɗauki na'urar GPS domin auna gudu, sannan na nemo littafin gyara na wannan samfurin na ga adadin juyin da ya kamata injin ya kai idan an buɗe totur duka, wanda a nawa yana dab da 7,000 a minti ɗaya. Wannan lamba ita ce ke raba matsalar gida biyu. Idan injin ya kai ta ko ya zarce ta amma gudu bai zo ba, to ƙarfin yana nan, a famfon tura ruwa yake zubewa. Idan kuwa ya kasa kaiwa, to injin ne ba ya bayar da ƙarfin, ko kuma wani abu yana danne shi. Nawa yana kaiwa cikin ƙiftawar ido, har ya je ya bugi iyakar da aka ƙayyade masa, alhali GPS tana nuna ƙasa da kilomita 50 a awa.

Kafin in kwance komai na duba abubuwan da ba sa bukatar sayen kaya. Na buɗe magudanan baya na tabbatar babu ruwa kwance a cikin jiki, domin kowace lita ɗaya nauyin kilo ɗaya ce. Na auna matsin silinda biyun da totur a buɗe, na same su kusan daidai da juna, kuma abin da aka fi lura da shi shi ne kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Da wannan hankalina ya kwanta cewa fistin da zobbansa ba su cinye ba, kuma duk wahalar da zan sha nan gaba ba a kan mataccen inji zan sha ta ba.

Babur ɗin ruwa ba shi da farfela a waje kamar kwalekwale mai inji. Ruwa yakan shiga ta wata raga da ke ƙarƙashinsa, farfelar da ke cikin famfo ta matsa shi baya, wasu tsayayyun fikafikai su daidaita shi ya daina murɗawa, sannan ya fita da ƙarfi ta ƙuntataccen baki. Farfelar tana juyawa ne a cikin wani zobe, kuma dukkan aikin famfon ya rataya a kan ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin bakin fikafikanta da wannan zobe. Idan yashi da tsakuwa suka cinye zoben tazarar ta buɗe, ruwan da aka matsa sai ya riƙa komowa gaba ta gefe, kumfa ta cika famfon, farfela ta rasa abin kamawa. Abin ya yi kama da motar da kulocinta ya cinye, inji na ƙara amma taya ba ta amsawa. Na cire wayoyin fulogi da igiyar kashe inji, na kwanta ƙarƙashin tirela da tocila na leƙa ta raga. Babu leda ko igiya da ta naɗe sandar farfela, amma da na leƙa ta baya sai na ga haske yana ratsowa ta kewayen farfelar, jikin zoben kuma duk zane-zane masu zurfi. Da na zura siririn ƙarfen auna tazara sai ya wuce milimita ɗaya a sake, wanda shi ne iyakar da littafina ya yarda da ita.

Na cire famfon gaba ɗaya na fitar da tsohon zoben. Sabon na ajiye shi a firiza na wasu awanni domin ya ɗan tsuke, wanda hakan ya sa ya shiga mazauninsa ba tare da an dake shi da ƙarfi ba. Bakin fikafikan farfelar ya ɗan lanƙwashe a wuri biyu, sai na kai ta aka gyara aka daidaita ta, domin sabon zobe da gurguwar farfela ba za su daɗe tare ba. Man da ke cikin mazugin bayan famfon bai yi fari ba, alamar ruwa bai shiga ba, amma na canza shi tunda a buɗe yake. Abu ɗaya da nake ganin mutane suna rainawa shi ne liƙin da ke tsakanin famfo da jikin babur, da kuma hatimin da sandar farfela ke ratsawa. Duk wata kafa a waɗannan wurare takan sa famfo ya tsotsi iska, kuma alamarta daidai take da ta cinyayyen zobe, ta yadda mutum zai iya sa sabon zobe ya ga babu abin da ya canza. Na goge tsohon liƙin tas na sa sabo kafin in mayar da famfon.

Da na koma ruwa sai babur ya riƙa zabura daga tsaye kamar yadda ya kamata, amma agogon juyi ya nuna wani sabon abu. Injin da a da yake bugun iyakarsa yanzu ya tsaya ƙasa da lambar littafi da ɗaruruwan juyi, kuma idan na riƙe totur a buɗe na wasu daƙiƙoƙi sai ƙarfinsa ya fara sauka kamar mai neman numfashi. Ashe matsala biyu ce, ɗaya ta lulluɓe ɗaya. Muddin famfo yana zamewa injin ba ya ɗaukar cikakken nauyi, don haka rauninsa bai bayyana ba sai da farfela ta kama ruwa sosai. Wannan ne ya ƙara tabbatar mini cewa da famfo ya kamata a fara idan juyi ya yi yawa, domin duk saitin kafiretar da aka yi a kan famfo mai zamewa saiti ne a kan ƙarya.

A nan na yi taka-tsantsan ƙwarai, saboda injin bugu biyu da ke fama da ƙarancin fetur yana yin zafi fiye da kima, kuma fistin na iya narkewa ko ya maƙale cikin ɗan lokaci idan aka nace da gudu. Na fara da cire kujera, wadda injin ke ƙarƙashinta, na yi ɗan zagaye a ruwa mai kwanciya, domin idan salansa tana yoyon hayaƙi a cikin jiki injin yakan shaƙi hayaƙinsa, kuma cire kujera kan sa ya farfaɗo nan take. Babu abin da ya canza. Sai na ɗan ja cok, wanda ke rage iska ya ƙara wa inji fetur, a daidai lokacin da ƙarfin ke sauka, injin kuwa ya ɗan farfaɗo, wanda ke nufin fetur yake nema. Fulogan ma sun ba da shaida iri ɗaya, domin maimakon launin ƙasa-ƙasa da ake so, ɗayansu ya yi fari fat.

Daga nan na bi hanyar fetur tun daga tanki. Bawul ɗin da ke barin iska ta shiga tanki yana aiki, domin da ya toshe da tankin ya riƙa tsotsar iska idan an buɗe murfi bayan gudu. Tiyoyin kuwa na asali ne, sun bushe a waje, a ciki kuma sun fara narkewa suna sakin wani abu mai danƙo. Wannan danƙon ya taru a cikin makunnin zaɓen fetur, mai kunnawa da kashewa da ajiya, har hanyar ta ƙuntata. Da na buɗe kafiretocin sai na tarar da ƙananan matatun da ke cikinsu, waɗanda ba su kai girman kan ɗan yatsa ba, sun cika da shi, musamman na silindar da fuloginta ya yi fari. Mutane da yawa ba su san da waɗannan matatu ba, sai su canza babbar matata ta waje su ɗauka sun gama. Na canza tiyoyin gaba ɗaya, na sa sabon makunni, na zubar da tsohon fetur domin wanda aka gauraya da itanol yana jan danshi idan ya daɗe a ajiye, sannan na wanke kowace kafa ta kafireta na sa sababbin robobin da ke tsotso fetur, tunda tsofaffin sun sandare.

Irin wannan kafireta ba ta da kwanon fetur kamar ta mota, allura ce da sifirin ke riƙewa a rufe har sai matsin fetur ya kai wani ƙayyadadden adadi sannan ta buɗe, saboda haka na auna matsin da kowace allura ke buɗewa na tabbatar biyun sun yi daidai da juna kuma suna cikin iyakar littafi. Sukurorin saiti na mayar da su inda masana'anta ta ce, ban ƙara ban rage ba. A ganina murɗa sukurori domin rufe wata matsala ta daban shi ne abin da ya fi kashe waɗannan injuna, domin injin da aka rage wa fetur yakan yi daɗin gudu na ɗan lokaci kafin ya ƙone. Tunda kafiretocin suna waje, na toshe mashiga da mafitar injin na hura masa ɗan matsin iska na ga ya riƙe, alamar hatiman karanshaf ba sa barin iska ta shiga. Wanda injinsa ke da bawulolin da ke buɗe ƙofar hayaƙi ya kamata ya wanke su a wannan mataki, domin idan baƙin hayaƙi ya manne su a rufe, juyin sama ba zai taɓa cika ba.

A gwajin ƙarshe injin ya kai lambar littafi ya zauna a kanta ba tare da ya sauka ba, fulogan biyu suka fito da launi iri ɗaya, GPS kuma ta nuna gudun da ya haura kilomita 70 a awa a ruwa mai kwanciya. Ya rage kaɗan ya kai abin da aka rubuta masa lokacin da yake sabo, kuma ina danganta wannan gibi da ƙasan jikinsa da ya sha gogayya da kuma soson cikinsa mai hana shi nutsewa, wanda ya ɗan sha ruwa ya ƙara nauyi. Abin da ya rage mini shi ne siraran tiyoyin da ke kai man inji, waɗanda shekarunsu ɗaya da na fetur ɗin da na cire, kuma ba zan sake doguwar tafiya da shi ba sai na canza su na kuma fitar da iska daga famfon man.