Talata, ni da firam da farar shaddar Alhaji

Yau tun kafin ƙarfe 8 na buɗe shago dan aikin wuyan kaftanin Alhaji ne a gabana, farar shadda Getzner wadda ya ce a Kantin Kwari ya yanko ta, irin mai ƙyallin nan da in ka taɓa ta sai ka ji tana ƙara kamar takarda. Irin wannan shaddar in allura ta huda ta to ta huda kenan, ko ka warware zaren ramukan na nan suna kallonka, shi ya sa ba na yarda in fara a jikin rigar sai na gwada a ƙyalle.

To gwajin ne ya ci min safiya. Na ce wa yarona ya ɗaura ragowar ƙyallen a firam, wato zobba biyun nan da ake matse yadi a tsakaninsu kafin a sa a injin surfani, ni kuma ina jera zare, ya ɗaura ya kawo, na taɓa na ji ya yi tauri tam kamar fatar kalangu, na sa a inji. Aiki ya fita tsaf a ido, amma ana ciro shi daga firam sai gefen zanen duk ya tattare, layin da ya kamata ya miƙe ya ɗan karkata hagu. Na ce kai me ka yi bayan ka rufe firam ɗin? Ya ce Oga ja na yi ta gefe-gefe dan ya ɗame. Nan matsalar take. In ka ja yadi bayan ya shiga firam ka miƙar da zaren saƙarsa ne fiye da yadda yake, inji ya zo ya dasa dubban ɗinki a kai a haka, kana sakinsa yadin ya koma yadda Allah ya yi shi, shi kuwa surfanin ba ya komawa, sai tattara. Ban yi masa faɗa ba dan nima haka aka koya min da farko, wai a ɗame kamar ganga, na daɗe kafin na gane yadin so yake ya kwanta sumul kawai, ba sako-sako ba kuma ba a wahalce ba.

Sai na ce ya matso ya gani. Na goge gaban rigar tukuna, na ninka shi biyu na fitar da tsakiya, na sa rula da alli na ja layi daga wuya har ƙasa inda aikin zai tsaya, na ja wani a kwance ya gicciye shi. Kuma layin tsayen dole ya bi zaren saƙar yadin, in ka ɗaga shadda a haske za ka ga yadda zaren ya tafi. Zoben waje na ajiye a kan tebur, takardar baya a kai, wato wadda ke tallafe yadi ta ƙasa lokacin ɗinki, ta fi firam faɗi ta kowane ɓangare, sannan yadi, sannan na ɗora ledar nan mai layi-layi da ke zuwa da firam a cikin zoben ciki na daidaita tsakiyarta da inda allin ya haɗu. Notin da ke matse zoben waje kuma tun kafin nan na saita shi, na gwada sau biyu har sai da zoben ya zama yana shiga da dannawar tafin hannu, dan in ka bari sai yadi ya shiga sannan ka hau murɗa noti to yadin taruwa yake a wajen notin, ɗaya gefen kuma ya saki. Zoben cikin nawa daman na naɗe shi da siririn farin ƙyallen auduga, yana hana santsi kuma yana rage shatin da firam ke bari a shadda mai ƙyalli, wannan shatin wallahi ya taɓa sa ni kwana ban yi barci ba a kan rigar ango.

Injina Brother ne mai allura ɗaya, iyakar filinsa santimita 13 da 18, aikin Alhaji kuwa tsawonsa ya kai 30, dole sai an ɗaura sau biyu. Na farko ya tafi lafiya. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka tada janareta, na yi azahar na dawo.

Ɗauri na biyun shi ne mai tsayar da numfashi, dan in ka kuskure ko da kaurin ashana ne mahaɗar za ta nuna a ƙirjin mutum. Sau uku ina ɗaurawa ina cirewa, na farko layin allin ya kauce wa alamar da ke jikin firam ta ƙasa, na biyu takardar baya ta naɗe. A na ukun komai ya hau, na sa injin ya zagaya iyakar zanen ba tare da ɗinki ba, sannan na sauke allurar da hannu a hankali har ta tsaya daidai kan ramin ƙarshe na kashin farko. Yaron na tsaye a kaina ko motsi ba ya yi. Na ce bismillah na danna.

Bayan la'asar Alhaji ya leƙo, na shimfiɗa masa gaban rigar a tebur, ya bi aikin da yatsa daga wuya har ƙasa yana neman inda aka haɗa bai samu ba, ya ce Malam ai kamar a zama ɗaya aka yi shi. Na ji daɗi sosai har raina.

Kafin mu rufe na ba yaron ƙyalle uku na ce ya ja layi ya ɗaura kowanne ba tare da ya ja gefe ba. Biyu sun yi, ɗaya ya karkace, ya cire da kansa ya sake tun ban ce komai ba. Gobe saura aljihu da bakin hannu, kuma takardar baya ta kusa ƙarewa sai na aika kasuwa da sassafe.