Kuɗin fansa a masallacinmu

Yau bayan azahar wani dattijo daga yankin Madarunfa da ke jihar Maraɗi a Nijar ya miƙe a masallacinmu yana neman taimakon kuɗin fansar ɗansa. Hularsa ya cire ya miƙa mana, ya kasa ɗaga ido. Na ce, "Baba, kun sanar da jandarma?" Ya ce sun sani, suna sintiri, amma dajin Baban Rafi da faɗi.

Da muna yara, satar shanu ce babbar magana. Tun wajen 2019 da rikicin Zamfara ya koro dubban mutane zuwa Gidan Rumji, abin ya koma ɗaukar mutane. Sojojin Farautar Bushiya, wato rundunar da ke yaƙar 'yan bindiga a yankin, na ƙoƙari, Allah ya saka musu. Ni dai ina ganin ƙauyukan bakin iyaka na buƙatar jami'an da za su kwana tare da su.